Malfa da Jan Rawani: Yadda Nana Asma'u Ta Haɗa Malamai Mata na Ƴan Taru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Mun daɗe muna bitar farillan da ke kan kowane mutum shi kaɗai, tun daga tsarki har zuwa azumi. Yau za mu taɓa farilla ta wani nau'i, wadda malamai ke kira faralul kifaya, wato aikin da idan wasu suka tsaya masa ya faɗi daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai tsayawa laifin ya hau kan kowa. Karantar da jama'a abin da ibadarsu ba ta inganta sai da shi yana cikin wannan babi. Sai dai mu a ƙauyukanmu, daga Attantane zuwa Mayahi har Tasawa, mun saba ɗora wannan kaya kacokan a kan mutum guda. Na san wata islamiyya da take cike da yara safe da yamma, ana jin karatunsu daga bakin kasuwa. Malamin ya tafi ci-rani wata rana bayan kaka, bai dawo ba. Kafin damina ta kewayo awaki ne ke kwana a rumfar. Ba a rasa masu ilimi a garin ba. An dai rasa wanda aka shirya tun da wuri ya karɓi aikin, domin malamin shi ne mai koyarwa, shi ne mai karɓar kuɗin Laraba, shi kaɗai ya san inda kowane yaro ya tsaya.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi wani aiki da aka yi a ƙasar Hausa kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda mai shi ta rasu amma aikin bai bi ta kabari ba.

An haifi Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel cikin 1793. Tana yarinya ƴar kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura da idonta, har aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ta tashi a gidan da karatun mata ba baƙon abu ba ne. Tun lokacin da Shehu ke yawon wa'azi a ƙasar Zamfara wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aika masa da suka a waƙe kan cewa mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma jigon amsar shi ne barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. A littafinsa Nurul Albabi kuwa Shehu ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure don neman suna alhali matansu da ƴaƴansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Asma'u ta yi karatu mai zurfi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da a ce nan tarihinta ya tsaya, da sai mu ce ga wata malama babba, irin waɗanda kowane zamani ke samu jefi-jefi. Abin da ya bambanta ta shi ne matsalar da ta fuskanta bayan daula ta kafu, da hanyar da ta bi.

Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi. Ƙasa ta yi faɗi ƙwarai, ƙauyuka da rugage sun warwatsu, kuma yaƙi bai ƙare ba. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, mu mutanen jihar Maraɗi: a wancan zamani kakannin da yawa daga cikinmu suna ɗaya gefen ne. Sarakunan Katsina da aka kora su ne suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka ci gaba da gwagwarmayar neman ƙasarsu. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, bayan haka ne Gobirawa suka sake zama a Tsibiri. Irin waɗannan yaƙe-yaƙe sun kai mata masu yawa gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye a matsayin kamammu. Sun zo da abin da suka tashi a kai. Idan ɗa ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta yi gardama, ko ruwa ya ɗauke, bori suka sani. Su ne kuma za su goyi ƴaƴan daular, su koya musu magana ta farko. Malami namiji ba ya shiga gidan wani ya zauna da matansa. Asma'u ita ɗaya ce, tana da gidan waziri a kanta, ba za ta iya zagaya ɗaruruwan ƙauyuka ba. Ko da ta buɗe ƙofarta dare da rana, matar aure mai goyo da ke tafiyar kwana biyu daga birni ba za ta iso ba.

Abu na farko da za mu lura da shi, ita kanta ba ita kaɗai take aiki a birni ba. Akwai ƴar ƙaramar tawaga da kowa ya san rabonsa. Bello yakan tattaro ilimi daga manyan littattafan Larabci. Misali ya rubuta littafin nasiha kan salihan mata na tarihin Musulunci, Asma'u ta ɗauki abin da ke ciki ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da kuma Hausa, ta ƙara da matan gidan Shehu waɗanda mutane suka sani da ido, wato waƙar da ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Giɗaɗo ya rubuta tarihin Shehu da jama'arsa a zube, ita kuma ta tsara wannan tarihi a waƙe. Ƙanenta Isa ɗan Shehu ya fassara wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, cikinsu har da Waƙar Gewaye. Ita ma ta fassara waƙar mahaifinta zuwa Hausa a 1831, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Mai zurfin Larabci ya haƙo, mai iya waƙa ta ƙera, mai iya harshen talakawa ya juya. Babu wanda ya ce sai ya yi duka da hannunsa don kada a raba masa suna.

Daga nan, a wajajen shekarun 1830, ta fara tsara abin da aka sani da Ƴan Taru, wato masu taruwa. Ta naɗa wa kowace ƙungiyar ƙauye shugaba mace da ake kira jaji. Kalmar daga bakin fatake aka aro ta, jaji yana cikin masu jan ayari, wanda ya san hanya da zango da mashaya. Sunan ma ya isa ya nuna irin mutumin da ake nema: mai kai mutane su je lafiya su dawo lafiya.

Ku dubi waɗanda ta zaɓa. Ba ta tsaya jiran sai an sami matan da suka sauke manyan littattafai ba, don da ta jira su da har ta rasu ba a fara ba. Ta nemi dattijai mata waɗanda suka wuce shekarun haihuwa, masu mutunci a idon garinsu, waɗanda idan sun yi sallama a kowane gida za a shimfiɗa musu tabarma. Su ne al'ada da shari'a suka sauƙaƙa wa tafiya. Tare da su kuma sai ƴan mata ƙanana da ba su yi aure ba, masu kaifin hadda, masu ƙarfin ɗaukar kaya. Tsohuwa tana da kwarjini da hankali, yarinya tana da ƙwaƙwalwa da murya. Matan aure suna gida, karatu yana iske su a tsakar gida suna surfe ko kaɗi. A ganina wannan haɗi shi ne mafi hikima a duk tsarin, domin yarinyar da ta bi jaji tana ƴar shekara goma za ta yi aure da waƙoƙin a kanta, ta koya wa ƴaƴanta, idan kuma ta manyanta ga ta a shirye ta zama jaji. Mai gadon aikin tana cikin ayari tun ranar farko.

Sai kuma naɗin. Asma'u ba ta ce wa mace je ki ki koyar kawai ba. Takan ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai kamar rawani. Wanda ya san Gobir ya san abin da wannan ke nufi. Inna ta Gobir, ƴar gidan sarauta kuma uwar ƴan bori, irin wannan malfa take sawa, kuma har yau sarautar Inna tana nan a Tsibiri kamar yadda ta Iya take a Maraɗi. Matar da aka kamo daga Gobir, idan ta hangi tsohuwa da malfa ta nufo gida, ba sai an gaya mata cewa wannan mai iko ce a kan sha'anin mata ba. Asma'u ta yaƙi bori a rubuce-rubucenta ba tare da sassauci ba, har ta tsara littafi da Larabci kan neman waraka da ayoyi da addu'o'in da suka zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don a sami abin da za a riƙe a maimakonsa. Amma alamar girma da mutane suka riga suka sani ba ta jefar da ita ba, ta ɗauka ta ɗora a kan malamarta. Malamin da aka tura shi aiki ba tare da an girmama shi a gaban jama'a ba, rabin ƙarfinsa a wajen neman a saurare shi zai ƙare. Mu kuwa sau nawa shugaban makaranta ke tsawata wa ƙaramin malami a gaban ɗalibansa, sa'an nan gobe ya yi mamakin yadda yara suka raina shi?

Me jaji take koyarwa? A nan ne waƙoƙin suka yi aikinsu. Takarda tana da tsada, masu karanta ajami a ƙauye kaɗan ne, amma waƙa mai amsa-amo tana shiga kai ta zauna. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai ta tarihin Annabi, akwai ta tsoratarwa kan tsayuwar ƙiyama, akwai masu bayanin tauhidi da salla da azumi da zakka da hajji da kyawawan halaye, kamar Godaben Gaskiya. Amfanin wannan ya wuce sauƙin hadda. Waƙa ba ta yarda a yi mata ƙari ko ragi cikin sauƙi, don da an canza kalma kari zai karye, mai sauraro ya ji. Ke nan abin da jajin wannan ƙauye ta koyar shi ne abin da ta wancan ƙauye ta koyar, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Idan aka aurar da yarinya zuwa wani gari za ta tarar ana rera abin da ta sani, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ku gwada wannan da halin da muke ciki, inda a makaranta ɗaya malamin aji biyu yake koya wa yara sifar salla ta wata fuska, na aji uku ya zo ya ce duk abin da aka koya musu bara kuskure ne. Yaro ya koma gida bai san wa zai gaskata ba, uba kuma ya cire shi.

Jaji ba a naɗa ta a sallame ta ba. Takan komo wurin Asma'u a kai a kai tare da ayarinta, a ƙafa, ta kawo tambayoyin da matan garinta suka ba ta, ta karɓi sabuwar waƙa, a saurari haddarta a gyara. Sukan zo da sadaka daga abin da Allah Ya hore musu, hatsi ko man shanu ko zuma ko sawaye, Asma'u kuma ta rarraba wa mabuƙata. Ilimi yana fita daga birni zuwa ƙauye, labarin halin da ƙauye ke ciki yana shigowa birni. Mai tsara darasi tana jin inda darasinta ya yi wuya daga bakin wadda ta kai shi.

Malaman lakwal na ƙasarmu za su ce ai mu ma muna da irin wannan, kuma gaskiyarsu. Tarukan CAPED, inda malaman makarantun da ke maƙwabtaka ke haɗuwa su duba darasin juna, manufarsu ke nan. Inda aka riƙe su da gaske suna amfani, musamman ga ɗan kwantiragin da aka tura ƙauye shi kaɗai da allo da alli. Abin tambaya shi ne me ya hana islamiyyu da makarantun allo na gari ɗaya su yi haka, ko sau ɗaya a wata, ranar Alhamis da babu karatu. Amsar da na fi ji ita ce kowa yana tsoron a gano inda ya gaza. Tsohuwar da ta taka ƙasa kwana biyu don a gyara mata baiti ba ta ji wannan kunya ba.

Kada wani ya ɗauka haɗa malamai a makaranta ɗaya sabon abu ne da Turawa suka kawo. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi maganarsa tun da daɗewa a Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malaman yara, har da hukuncin ladan aikinsu. Bayansa Abul Hasan Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya yi bayani cewa ya halatta malamai biyu ko fiye su yi tarayya a makaranta idan suna wuri ɗaya, ya kuma kawo dalili mai sauƙi: suna taimakon juna, idan ɗaya ya kwanta ciwo ɗan'uwansa ya tsaya masa har ya warke. Da an yi aiki da wannan a garin da na ambata da farko, da awaki ba su gaji rumfar ba. Na kawo maganar lada da gangan, domin kada masu makarantu su karanta labarin Ƴan Taru su ce to ai don Allah ake yi, su riƙe haƙƙin malamansu. Jaji dattijuwa ce da ƴaƴanta suka girma, tana da mai ciyar da ita. Saurayin da ke koyarwa tun safe har la'asar, da mata da ƴaƴa a gida, hukuncinsa daban ne, kuma Malikawa sun halatta masa karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani.

Akwai wani abu da ya fi taɓa ni a duk wannan tarihi. Asma'u ta yi marsiyyoyi da yawa. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa manyan malamai. A cikin jerin nan kuma akwai marsiyyar wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta tsara a 1858. Ƴar Shehu, matar waziri, uwar waziri, ta zauna ta yi wa matar ƙauye waƙar alhini kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi. Ta yabe ta da cewa babu lokacin shekara da ke hana ta hanya tana kawo mata mutane, da cewa takan tunatar da ayarinta su gyara niyya kafin su kama tafiya, ta kuma haɗa matan da ƴan matan da ke bin ta cikin addu'a. Ba don wannan waƙa ba da sunan Hauwa'u ya ɓace kamar na dubban irinta. Ku yi tunanin sauran jajoji da suka ji ana rera ta. Kowace ta san cewa wahalarta a idon uwar gida take, an san sunanta, an san ƙauyenta. Ban san wani albashi da zai sayi irin wannan riƙon amana ba, ko da yake, kamar yadda na faɗa, ba ya maye gurbin albashin.

Ba na son mu mayar da abin tatsuniya. Tsarin yana da iyakarsa. Mafi yawan abin da ya isa ƙauye ta baki ya isa, ba kowace mai hadda ce ta iya karanta abin da take rerawa ba, kuma ilimin farillai da halaye ne, bai kai zurfin da ƴaƴan gidajen malamai ke samu a birni ba. Ya kuma jingina da ƙarfin gidan Shehu, abin da wani malamin ƙauye ba shi da shi. Yaranmu na yau suna buƙatar karatu da rubutu da lissafi a kan wannan. Amma tambayar da Asma'u ta amsa ita ce tamu har yanzu: ilimi yana wurin mutum ɗaya, mabuƙata suna da yawa kuma suna nesa, yaya za a yi?

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da karɓar jajoji, ita ma tana tsara waƙoƙi. Bayanta Ta Modi ta riƙe. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta canza kama, aka kawo boko, ayarin mata bai daina zuwa ba. Da wata malamar makaranta Baturiya, Jean Boyd, ta shiga binciken tarihin Asma'u da taimakon Waziri Junaidu, wanda daga zuriyar Giɗaɗo da Asma'u yake kuma a hannunsa yawancin rubuce-rubucenta suke, ta tarar da jajoji a ƙauyukan Sakkwato da malfunansu, fiye da shekara ɗari bayan rasuwar wadda ta fara naɗin, suna rera waƙoƙin da ka, suna kuma iya faɗin wadda ta naɗa su da wadda ta naɗa ta.